Tarihin Kuɗin Lasin Farautar Barewa a Ƙasar Ingila

Barewar Ingila dabba ce mai ƙaho mai rassa, tun zamanin da kuwa naman sarakuna ce. Da Sarki Wiliyam ya ci ƙasar a shekarar 1066, sai ya keɓe manyan dazuzzuka don farautarsa, ya kafa doka cewa duk wanda ya kashe barewa a cikinsu a makantar da shi. Talakawa suka daɗe cikin wannan ƙunci har shekarar 1217, zamanin Sarki Henri na Uku, sa'ad da aka rubuta takardar alkawarin daji, aka hana kisa da yanke gaɓa saboda naman sarki. Aka mai da hukuncin tara, wanda ya kasa biya ya yi shekara da kwana ɗaya a kurkuku.

Amma tsanani bai ƙare ba. A shekarar 1723 majalisa ta zartar da wata doka wadda ta ce duk wanda ya shafa baƙi a fuska, ya ɗauki makami ya shiga farautar barewa, a rataye shi. Sai da dokar nan ta shekara ɗari kana aka soke yawancinta a 1823, bayan an ga igiya ba ta hana mai yunwa shiga daji.

Daga nan hukuma ta sake dabara, ta karkata ga neman haraji. Dokar shekarar 1860 ta wajabta yankan lasin ga mai farautar tsuntsayen daji da zomo da barewa, fam 3 a shekara, wanda aka kama ba lasin kuwa tararsa fam 20. An ɗauke wa masu korar barewa da karnuka, da mai ƙasa cikin shingensa. Fam 3 a wancan zamani ya fi ladan ƙwadagon gona na wata guda, saboda haka farauta ta zauna hannun mawadata. Dokar kuɗi ta 1908 ta danƙa karɓar kuɗin ga hukumomin gundumomi, ana sayar da takardar a gidan waya.

To, ga abin lura ga ma'aikatan baitulmali. Kuɗin nan ya zauna fam 3 har shekara 108, sai a 1968 aka mai da shi fam 6. Daga nan ba a sake taɓa shi ba shekara 39, alhali darajar fam kullum raguwa take yi. A ƙarshe abin da ake kashewa wajen buga takardu da tattara kuɗin ya kai ga cinye abin da ake samu. Ran 1 ga Agusta 2007 aka soke lasin ɗin a Ingila da Wales.

Barewa ba ta rasa mai tsaronta ba, gama dokar 1963, da ta 1991 wadda ta gaje ta, sun yanka watannin da ba a harbi, sun kuma ƙayyade irin bindigar da ta halatta. Waɗannan ne suka tsare dabbar. Lasin kuwa, tun da aka bar shi shekara da shekaru ba mai duba lissafinsa, sai ya zama nauyi a kan hukumar da aka kafa shi don ta amfana.