Asalin Kalmar Kainez

Malaman ilmin halitta sun ciro lafazin kainez daga harshen Yunanawa, inda kinein ke nufin motsawa, tushen da ya haifar mana da kalmar silima. Sa'an nan suka liƙa masa wutsiyar -ez da aka aro daga diyastez, sinadarin da Payen da Persoz suka gano a Faransa a 1833. Kainez kuwa, wanda ɗan Adam ke da irinsa fiye da 500, aikinsa ɗauko fosfet daga sinadarin ATP ya ɗora wa furotin. Abin al'ajabi shi ne LIM kainez, wanda idan ya ɗora fosfet ya ɗaure kofilin, furotin mai yanka aktin, sai zaruruwan aktin, ginshiƙan ƙwayar halitta, su tsira daga yanka, ƙwayar ta sami ikon riƙe siffarta da rarrafawa zuwa bakin rauni.