Girman Sensa a Tarihin Kyamara: Gadon da Fim Ya Bari

Ma'aunin da masu ɗaukar hoto ke gwada kowace kyamara da shi a yau, wato milimita 36 a kwance da 24 a tsaye, ya girmi sensa da fiye da shekara hamsin. Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus, shi ya fito da shi wajen 1913 zuwa 1914. Fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ya ɗauka, ya kwantar da shi, ya haɗa gurbin hoto biyu suka zama ɗaya. A 1925 kyamarar Leica ta shiga kasuwa da wannan ma'auni, a 1934 kuma Kodak ya fara sayar da fim ɗin a cikin ɗan gwangwanin da tsofaffin masu hoto suka sani. Daga nan aka shafe shekaru ana ƙera lens don ya cika wannan gurbi daidai, har hannu da ido suka saba: milimita 28 na ɗaukar taro ne, 50 na gani irin na ido, 85 na fuska.

Sensa ta zo daga baya. A 1969 Willard Boyle da George Smith na Bell Labs a Amurka suka ƙirƙiro sensar CCD, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2009. A 1975 Steven Sasson na Kodak ya haɗa kyamarar dijital mai fiksil dubu goma kacal, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Sai dai matsalar da ta fi tsaya wa injiniyoyi a wuya ita ce girma. Fim mai faɗi kuɗinsa kaɗan ne ya ƙaru, amma sensa daga faifan silikon ake yanko ta, kuma idan ta yi girma kaɗan ne ke fita daga faifai guda, sannan ɗan aibi ɗaya ya isa a zubar da ita gaba ɗaya. Tsadar silikon ce ta tsara girman sensa na farko, masu hoto ba a tambaye su ba.

Shi ya sa da Nikon D1 ta fito a 1999, sensarta ta tsaya a kusan milimita 24 da 16, ƙasa da rabin filin fim. An laƙaba wa wannan girma suna APS-C, aron sunan wani fim na 1996 da bai yi tsawon rai ba. Tsofaffin lens sun hau sabuwar kyamara lafiya lau, amma tsakiyar abin da suke gani kawai sensa ke kamawa, gefe-gefen ya faɗi a waje. Tsawon lens bai sauya ba, filin da ake gani ne ya ƙuntata, sai aka koma lissafi: a ninka da 1.5 a Nikon, da 1.6 a Canon. Mai ɗaukar ƙwallo ya ji daɗi, domin lens ɗinsa na milimita 300 ya koma yana jawo ɗan wasa kamar na 450. Mai ɗaukar biki kuwa ya sha wuya. Lens ɗin 28 da yake shigar da amarya da ƙawayenta duka ya koma kamar 42, sai ka gan shi ya manne da bango, gwiwar hannu na gugar labule, amma na gefe ba su shiga ba. Wannan kuka ne ya sa a 2003 Nikon ya fito da lens na DX, Canon kuma da EF-S, waɗanda aka ƙera don ƙaramar sensa tun daga tushe.

A shekarar ce Olympus ya bi wata hanya da kyamararsa E-1. Ya ajiye gadon fim, ya zaɓi sensa mai milimita 17.3 da 13, ya ƙera mata lens sababbi fil. Tsarin ya zama Micro Four Thirds a 2008 tare da Panasonic, kuma har yau masu bin tsuntsaye da matafiya na yaba shi saboda rashin nauyi.

Duk da haka zukatan ƙwararru na wajen cikakken ma'aunin Barnack. Contax da Canon sun kai gare shi a 2002 da tsada mai yawa, sai Canon 5D ta 2005 ta sauko da shi inda mai sana'a zai iya miƙa hannu, Nikon ya biyo da D3 a 2007. Dalilin wannan ɗoki a fili yake. Cikakkiyar sensa tana da filin murabba'in milimita 864, APS-C kusan 370, ta Olympus kusan 225. Haske kuwa kamar ruwan sama yake, wanda ya tara da baho ya fi wanda ya tara da kofi. Da rana tsaka bambancin ba ya fitowa sosai, amma bayan magariba, ko a zauren da ƙwan lantarki ɗaya ke ci, ƙaramar sensa takan cika hoto da yashi-yashi, launin fata ya ɓaci, inuwa ta toshe. Sai kuma narkewar baya, wato dusashewar abin da ke bayan wanda aka ɗauka, wadda masu hoton fuska ke so. Lens na milimita 25 a buɗin f/1.8 kan Micro Four Thirds yana ganin fili ɗaya da na 50 a cikakkiyar sensa, amma bayansa zai narke ne kamar an sa f/3.6. Da 5D Mark II ta zo da bidiyo a 2008, wannan narkewar baya ce ta ja masu shirya fim da ƙaramin jari a ƙasashe da dama, har da Najeriya.

Abin takaici a tarihin nan shi ne yadda talla ta karkatar da hankalin mai saye zuwa adadin megafiksil. An riƙa cusa miliyoyin fiksil a sensar da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, lambar jikin kwali na hawa, hoton dare na nan yadda yake. Wayoyin hannu sun rage wannan giɓi ta wata dabara: su ɗauki hotuna da yawa a ƙiftawar ido, manhaja ta haɗa su, ta kuma ƙirƙiri narkewar baya da lissafi. Ido mai ƙwarewa yakan gane ta a bakin gashi ko gefen mayafi.

Sony A7 ta 2013 ta cire madubin ciki ta bar cikakkiyar sensa, Nikon da Canon suka bi sahu a 2018, Fujifilm kuma ya haura sama da GFX mai milimita 44 da 33. Jikin kyamara ya ƙanƙance, amma lens mai cika babbar sensa bai rage nauyi ko tsada ba, domin gilashi ne dole ya yi faɗi. Wanda aikinsa na dare ne ko na fuska, cikakkiyar sensa ta cancanci kuɗinta. Wanda yake aiki da rana, ko jarinsa bai kai ba, APS-C da lens mai kyau ta fi masa cikakkiyar sensa da lens mai araha.