Tarihin Muhawarar Gado da Hawan Jini

Bayan da likitan Italiya Riva-Rocci ya ƙirƙiro ma'aunin da ake ɗaurawa a damtse a 1896, Korotkoff na Rasha kuma ya nuna a 1905 yadda ake sauraron bugun jijiya yayin da iska take sacewa, likitoci ba su daɗe ba suka lura cewa hawan jini yana bin gidaje, daga uba zuwa ɗa, daga wa zuwa ƙane. Kan yadda gadon yake gudana ne malamai biyu na Ingila suka shafe shekaru suna saɓani.

Robert Platt na Manchester ya tafi a kan cewa cutar aba ce mai zaman kanta, ƙwayar gado guda take ɗauke da ita, ta yadda mutane suka kasu biyu, masu ita da marasa ita. Hujjarsa kuwa ita ce idan aka jera alƙaluman awon 'yan'uwan masu cutar a jadawali sai a ga tozo biyu da kwari a tsakani. George Pickering, wanda shi da abokan aikinsa suka auna dangin marasa lafiya a London suka wallafa sakamakon a 1954, ya ce sam, matsin jini kamar tsawo yake, ƙwayoyin gado masu yawa ne suke tarayya a kansa, iyakar da ake cewa nan cuta ta soma kuwa likita ne ya shata ta. Abin mamaki, da aka bi diddigi sai aka tarar wani ɓangare na kwarin nan daga hannun mai awo ya fito, saboda al'adar karkata lamba zuwa wadda ta ƙare da sifiri.

Platt bai tashi a tutar babu ba, domin Grant Liddle ya bayyana a 1963 wata zuriya da ƙodarsu take riƙe gishiri fiye da kima, aka kuma gano ƙwayar gadon da ke haddasa hakan a 1994. Amma irin wannan nadiri ne. Galibin hujja ta rinjaya wajen Pickering, har binciken 2018 a kan mutum fiye da miliyan ɗaya ya kai adadin wuraren gado da aka sani zuwa 901.