Kanibal na Notting Hill: Bikin da Baƙi Suka Gina da Guminsu

A ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, ranar Lahadi da Litinin ɗin hutu, ana rufe titunan wata unguwa da ke yammacin Landan mai suna Notting Hill. Masu kantuna su toshe tagoginsu da katako, wasu attajiran unguwar su kulle gidajensu su bar gari, sannan mutum fiye da miliyan ɗaya su kwararo. Lahadi ta yara da iyalai ce, Litinin ta manya. Duk Turai babu bikin kan titi da ya kai shi girma. Wanda ya gan shi a talabijin zai ɗauka kiɗa ne kawai da rawa da tufafi masu ƙyalli, alhali asalinsa bauta ce, da tarzoma, da jinin wani kafinta da aka zubar a bakin titi.

Labarin ya faro ne daga tsibirin Tirinidad, a yankin Karibiyan. A 1783 Sarkin Sifaniya, wanda tsibirin ke hannunsa a lokacin, ya fitar da dokar ba baƙi mabiya ɗariƙar Katolika filayen noma, kuma gwargwadon yawan bayin da mutum ya zo da su, gwargwadon faɗin gonarsa. Faransawa masu gonakin rake suka taso daga tsibiran maƙwabta da bayinsu 'yan Afirka. Suka zo kuma da al'adarsu ta shagalin rufe fuska da ake yi kafin azumin kwana arba'in na Kiristoci. Bawa ba shi da wurin zama a wannan shagali, sai dai ya kai abinci ya leƙa ta taga. Birtaniya ta ƙwace tsibirin a 1797, kuma da 'yanci ya tabbata a 1838, sai waɗanda aka 'yanta suka fito titi da nasu bikin. Sun kira shi Kanbule, don tunawa da dararen da gobara ke kama gonar rake a taso bayi da bulala su sare shi kafin ya lalace. Suna tafe da bakin wuta a hannu, ana kaɗa ganguna, ana wasan sanda, ana waƙoƙin habaici ga tsofaffin iyayengiji. Daga waɗannan waƙoƙi ne kiɗan kalifso ya tsiro.

Hukumar mulkin mallaka ba ta so ba. A 1881 shugaban 'yan sandan tsibirin, Kyaftin Arthur Baker, ya yi yunƙurin murƙushe bikin a birnin Port of Spain, aka yi ba-ta-kashi tsakanin mutanensa da jama'ar gari. A 1884 aka kafa dokar da ta hana kaɗa ganguna a titi. Mutane suka koma sare gora, suna buga ta da ƙasa tana ba da amo. Daga gora aka koma gwangwanin biskit da murfin kwandon shara, har matasan unguwannin talakawa irin su Laventille suka gano cewa idan aka lotsa gindin duron mai da guduma, aka rarraba shi gida-gida, kowane gida zai ba da sautinsa daban. Tirinidad ƙasar mai ce, duro kuwa ga shi nan a yashe. Ellie Mannette na cikin waɗanda suka fara nitsar da fuskar duron ta zama kamar kwano. Haka gangar ƙarfe ta samu, abin kiɗan da aka daɗe ana yi wa kallon na zauna-gari-banza, wanda a 1992 gwamnatin ƙasar ta ayyana shi a matsayin abin kiɗanta na ƙasa.

A 1951 wata ƙungiyar makaɗan gangar ƙarfe mai suna TASPO ta je Landan domin bikin baje kolin Birtaniya. Da za su koma gida, ɗaya daga cikinsu, Sterling Betancourt, ya yi zamansa.

Ba shi kaɗai ba ne. Tun ranar 22 ga Yuni 1948, da jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karibiyan a tashar Tilbury, ƙofa ta buɗe. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Birtaniya da ƙarancin ma'aikata, asibitoci na neman masu jinya, hukumar sufurin Landan kuwa har Babados ta riƙa zuwa ɗaukar kwandastoci daga 1956. Mutanen nan sun zo da fasfo ɗin Birtaniya, sun yi karatu da Turanci, suna ganin ƙasar uwa suka zo. Suka tarar da takardu manne a ƙofofin gidajen haya cewa ba a karɓar baƙar fata. Notting Hill a lokacin unguwa ce ta ruɓaɓɓun gidaje, inda masu gidajen haya irin su Peter Rachman ke yanka gida ɗaya ɗaki-ɗaki su cusa baƙi su tatse su. Bankuna ba sa ba su rance. Abin da ya fitar da yawancinsu daga wannan ƙangi shi ne adashi, wanda 'yan Jamaika ke kira fadna, 'yan Tirinidad kuma susu: kowa ya zuba a ƙarshen mako, wanda kwasa ta zo kansa ya biya kafin alƙalamin gida, ko ya aika wa matarsa kuɗin jirgi. Da wannan kuɗi aka buɗe shagunan aski, da na kayan abincin gida, da na faifai.

A ƙarshen Agustan 1958 ɗaruruwan samarin Turawa suka far wa gidajen baƙaƙe a unguwar da sarƙoƙi da sandunan ƙarfe da kwalaben fetur. An yi kwanaki ana abu ɗaya, har mazauna suka haɗa kai suka kare kansu. An kama mutum kusan 140. A nan ne wata mata mai suna Claudia Jones ta shigo labarin. A Tirinidad aka haife ta a 1915, ta tashi a Harlem ta birnin New York, Amurka ta ɗaure ta saboda aƙidar gurguzu sannan ta kore ta a 1955. A Landan ta kafa jaridar West Indian Gazette a 1958. Ita ce ta ga cewa mutanen da aka tsorata suna bukatar abin da zai ɗaga musu kai, ba takardar koke kaɗai ba. Ranar 30 ga Janairu 1959 ta shirya Kanibal a zauren taro na St Pancras, a cikin ɗaki saboda hunturu, BBC ta nuna shi a talabijin. An ware wani kaso na kuɗin da aka samu don biyan tarar samarin da rikicin ya rutsa da su, baƙaƙe da farare. Wannan shawara kaɗai ta isa ta nuna irin hangen matar.

Wata huɗu ba su cika ba, a Mayun 1959, wasu samari Turawa suka daɓa wa Kelso Cochrane wuƙa a hanyarsa ta komawa gida daga asibiti. Kafinta ne ɗan tsibirin Antigua, mai shekara 32, yana tara kuɗin karatun lauya. Mutum fiye da dubu suka raka gawarsa. Har yau ba a hukunta kowa ba. Claudia ta ci gaba da shirya bikinta duk shekara har ta rasu a Disamban 1964, aka binne ta a maƙabartar Highgate kusa da kabarin Karl Marx.

Fitowar bikin kan titi kuwa aikin wata mata ce daban, Rhaune Laslett, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a wadda ba 'yar Karibiyan ba ce. A 1966 ta shirya wa yaran unguwar taro don haɗa 'ya'yan Ailan da na Fotugal da na Sifaniya da na Afirka da na Karibiyan wuri guda. Cikin makaɗan da suka halarta har da wani ɗan Najeriya, Ginger Johnson, haifaffen Ijebu-Ode. Ta kuma gayyato Russell Henderson, wanda ke kiɗa a wata mashaya da ke Earl's Court, ya zo da abokan kiɗansa, ciki har da Betancourt ɗin nan da ya ƙi komawa gida. Henderson ya rataya gangarsa a wuya ya kama tafiya yana kaɗawa. Mutanen Tirinidad da suka ji sautin suka bar abin da suke yi suka bi shi, ayari ya yi ta tsawo yana zaga unguwa.

Wanda ya mayar da wannan ƙaramin taro gagarumin biki shi ne Leslie Palmer, malamin makaranta ɗan asalin Tirinidad, da ya riƙe ragama daga 1973 zuwa 1975. Ya lura cewa yaran da aka haifa a Birtaniya, yawancinsu 'ya'yan 'yan Jamaika, kalifso bai dame su ba, regge suke so. Sai ya gayyato masu jibga-jibgan lasifikoki su kafa a kusurwoyin tituna, ya nemo masu ɗaukar nauyi, ya ƙarfafa ƙungiyoyin sutura, ya bar masu saye da sayarwa su kafa rumfuna. Dattawa sun yi gunaguni cewa an ɓata al'ada, amma jama'a ta ninka har ta kai dubu 150.

Girman ya zo da fitina. Dama tsakanin unguwar da 'yan sanda babu daɗi. Gidan abincin Mangrove, wanda Frank Crichlow ya buɗe a titin All Saints a 1968, an kai masa samame sau 12 cikin shekara ɗaya da rabi ba a samu komai ba, kuma shari'ar mutum tara da aka kama a zanga-zangar kare shi ta ƙare a 1971 da alƙali yana amsa cewa akwai alamar ƙiyayyar launin fata a ɓangarorin biyu, wato har da 'yan sanda. Ga kuma wata tsohuwar doka ta 1824 da ke ba ɗan sanda ikon kama mutum bisa zargi kawai. A bikin 1976 aka jibge 'yan sanda kusan 1,500, rikici ya ɓarke, fiye da ɗari daga cikinsu suka ji rauni, wasu suna kare kai da murfin kwandon shara. Jaridu suka yi ta kiran a soke bikin ko a tura shi cikin fili mai shinge. Ba a soke shi ba. Dokar zargin ce aka soke a 1981.

Abin da mai kallo ba ya gani shi ne watannin aikin da ke bayan kwana biyun nan. Kowace ƙungiyar sutura, wadda suke kira mas, tana da sansaninta: wani lokaci gareji, wani lokaci ɗakin coci ko ƙarƙashin gada. Tun farkon shekara mai zane ya fitar da jigo. Masu lanƙwasa waya su ƙera ƙashin rigar, teloli su ɗinka, masu walda su haɗa keken da zai ɗauki rigar sarki ko sarauniya, wadda kan ninka tsayin mutum. Mahalarta su sayi sutura, kuɗin ya biya motar kiɗa da abinci da masu tsaro. A waɗannan sansanoni yara ke koyon ɗinki da zane da lissafin kuɗi a hannun iyaye, kuma nan ne ake jin wanda ya rasu, da wanda ke neman aiki. Peter Minshall, wanda daga baya ya taka rawa wajen tsara bukukuwan buɗe gasar Olamfik a Barcelona a 1992 da Atlanta a 1996, ya yi wa Notting Hill zane a farkon tashinsa. Kamfanin Mahogany na Clary Salandy, a unguwar Harlesden, daga suturar wannan biki ya kai ga yin kwangilar manyan bukukuwa a ciki da wajen Birtaniya.

Sai rumfunan abinci, kusan 300, da hayaƙin gasasshiyar kaza mai yaji irin ta Jamaika, da naman akuya, da shinkafa da wake. Daga irin wannan rumfa Levi Roots ya fito. Ya yi shekaru yana gasa kaza a bikin, a 2007 ya shiga shirin Dragons' Den na BBC da jitarsa da kwalbar miyarsa, wasu attajirai biyu suka zuba fam dubu 50 suka karɓi kashi 40 cikin ɗari na kamfanin. Cikin makonni Reggae Reggae Sauce ta hau kantocin Sainsbury's.

Sai dai irinsa ba su da yawa, kuma a nan ne labarin ke da ɗaci. A zamanin shugabancin lauya Claire Holder, da ya fara a 1989, an shigo da manyan kamfanoni, har a 1995 aka liƙa sunan lemon Lilt a gaban sunan bikin. Wani bincike da hukumar raya Landan ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa bikin na kawo wa birnin fam miliyan 93 a shekara. Kaso mai tsoka na wannan kuɗi na tafiya ne ga otal-otal, da jiragen ƙasa, da kamfanonin abin sha. Makaɗin da ya yi wata uku yana atisaye da dare bayan ya tashi aiki, sau da yawa daga aljihunsa yake ciko. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Unguwar ma ta kuɓuce musu: gidajen da Rachman ke cusa mutane yanzu miliyoyin fam ake sayar da su, jikokin waɗanda suka kafa bikin kuwa daga bayan gari suke shigowa. Fim ɗin Notting Hill na 1999 ya nuna unguwar kusan babu baƙar fuska. Talakawan da suka rage, gobarar benen Grenfell ta 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci rai 72, ta tona yadda ake riƙon su. Tun daga lokacin ake kashe duk lasifikoki a tsakiyar bikin a yi shiru don tunawa da su.

Bikin ba ya rasa abin suka. Akwai shaye-shaye, akwai sata a cunkoso, kuma a 2024 mutum biyu sun rasa rayukansu. Shigar wasu 'yan rawar ba za ta kwanta wa mai karatu da yawa a rai ba, kuma tsofaffin masu sana'ar sutura su ma suna kuka da ita, domin guntun ƙyalle da gashin tsuntsun da ake odarsu daga Sin sun fara ture rigunan da ke ba da labari, tare da masu lanƙwasa wayar da ke ƙera su. Duk da haka, irin da Tirinidad ta shuka ya kama a wurare da yawa: Leeds da Toronto duk sun fara nasu a 1967, na Brooklyn na cika titin Eastern Parkway duk Satumba, kuma Kanibal ɗin Kalaba da gwamna Donald Duke ya ƙaddamar a 2004 daga Tirinidad ya ɗauko tsarinsa.

A 2025 shugaban kwamitin shirya bikin, Ian Comfort, ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya cewa idan ba a ƙara kuɗin kula da cunkoso ba, makomar bikin na cikin haɗari. Ofishin magajin garin Landan da ƙananan hukumomi biyu suka haɗa kusan fam miliyan ɗaya, na shekarar kaɗai. Birnin da ya yi shekara kusan sittin yana cin moriyar wannan biki bai kamata ya bar masu shi suna roƙo duk shekara ba. Haƙƙinsu ne a ware musu kaso tsayayye, kuma ya isa hannun teloli da makaɗa da masu rumfa.