ALHASSAN ƊANTATA DA TAFARKIN UBANGIDA DA YARONSA

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A yau da yawa daga cikin samarinmu da ke zaune a Kano da Kaduna da Legas da Abuja sun ɗauka cewa duk wanda bai riƙe takardar digiri ba, ƙofar arziki ta rufe masa. Tarihin ƙasar Hausa kuwa ya nuna mana wata hanya da ta daɗe tana fitar da manyan mutane, wato koyon sana'a a hannun ubangida. Babu misalin da ya fi na marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta koma Akkara da zama, sai wata dattijuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan ne ya sami laƙabinsa. Karatun allo ya yi. Sauran iliminsa kuwa a kan hanyar fatauci ya tsince shi: sanin goro mai kyau, iya lissafi da ka, da riƙon amanar dukiyar mutane.

Cinikin goro daga ƙasar Gwanja shi ne matakinsa na farko. Maimakon ya tsaya ga ayarin jakuna na watanni, sai ya shiga sahun farko na Hausawan da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya fara jigila zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta yi daraja, kamfanonin Turawa kuma suka rasa hanyar isa ga manoma. Wanda manoma suka yarda da shi suke buƙata. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa, kafin wani lokaci sunansa ya haɗu da dalar gyaɗa ta Kano. Da aka buɗe reshen wani bankin Turawan Ingila a Kano, tarihi ya nuna cewa kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 ya kai ajiya. Ya rasu a watan Agusta na 1955.

Abin lura a nan, Ɗantata bai yi wannan aiki shi kaɗai ba. Yaransa ne ke shiga ƙauyuka da kuɗin da ya danƙa musu, ba tare da jingina ba sai mutuncinsu. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa, har wata rana ya tsaya da ƙafarsa, shi ma ya ɗauki nasa yaran. Haka aka gaji rini da jima da ƙira da dukanci.

Ilimi gishirin zaman duniya ne, mai ikon zuwa jami'a ya je. Amma mafi yawan 'ya'yanmu ba za su sami gurbi ba, kuma wannan tsohuwar hanya sai da ubangida take tafiya. Saboda haka, ya ku 'yan uwa masu shaguna da gareji da wuraren walda da ɗinki a birane, kowa ya ɗauko yaro ko ɗaya ne daga gida, ya koya masa, ya yaye shi da jari. Ku kuma samari, ku sani haƙuri da amana su ne takardar shaidar wannan makaranta. Allah Ya yi mana jagora, amin.