Hannu a Kan Kunne: Tarihin Sa Yaro a Makarantar Gwamnati a Kudancin Jigawa

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, daidai lokacin da gero ya nuna, ake buɗe sabon shafi a babban littafin rajista na makarantun firamare na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu. A gari irin Farin Dutse aikin ba ya cin lokaci. Uba, ko kawu, ko yaya zai riƙo hannun yaro zuwa ofishin hedimasta, a yi gaisuwa, a tambayi sunan yaron da shekarunsa, a rubuta. Kuɗin shiga kuwa doka ta hana a karɓa. Wanda ya ga sauƙin abin a yau zai ɗauka haka yake tun fil azal. Amma abubuwa ukun nan, wato wanda ya kawo yaron, da shekarun da aka ba shi, da sunan da aka rubuta masa, kowannensu yana ɗauke da tarihin ja-in-ja na fiye da shekara ɗari tsakanin hukuma da magidanta.

Lokacin da hukuma ke zuwa ɗaukar yaro

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, sa yaro a makaranta sha'ani ne tsakanin uba da malami. Uba zai kai ɗansa wurin malamin allo, a yi addu'a, a ba da sadaka, a wanke allo a fara. Babu takarda, babu iyakar shekaru, amana ce kawai. Wajen 1914 Gwamna Lugard ya ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan makarantu kimanin 25,000 a Arewa. Ke nan boko bai tarar da fili babu kowa ba; ya tarar da tsarin da jama'a suka yarda da shi, suka kuma san amfaninsa.

Makarantar gwamnati ta farko a ƙasar Kano ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Da yake Turawa sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, sun taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, sai nauyin makarantu ya faɗa wuyan En'e. Birnin Kudu da Gwaram a lokacin gundumomi ne na masarautar Kano, don haka daga birnin Kano umarni ke fitowa, ya bi ta kan hakimi, ya sauka kan dagaci, ya ƙare a ƙofar mai unguwa.

Da aka fara buɗe elementare a hedikwatocin gundumomi, kusan babu uban da ke kawo ɗansa da kansa. Sai a yanka wa hakimi adadin yaran da ake so, shi kuma ya raba wa dagatansa. An sha ba da labarin abin da ke biyo baya a sassan Arewa da dama: mai hali ya yi wa dagaci alheri a tsallake gidansa, wani ya ɓoye ɗansa a rumbu, wani ya haɗa shi da malami su tafi gabas karatun allo tun kafin dogari ya iso. Wasu masu sarauta ma ɗan bara ko ɗan maƙwabci suke miƙawa a madadin nasu. Sau da yawa ƙuri'ar kan faɗa kan maraya, ko ɗan talakan da ba shi da mai tsaya masa.

Ba za a kira wannan gudu jahilci kawai a wuce ba. Hannun da ke rubuta sunan yaro a rajistar makaranta shi ne hannun da ke rubuta sunan ubansa a takardar haraji da jangali, shi ne kuma ke ɗibar mutane aikin tilas. A idon manomi, duk sunan da ya shiga littafin hukuma asara ce ke biye da shi. Ga tsoron kada yaro ya bar addininsa, ga rashin mai taya noma da kiwo. 'Ya'ya mata kuwa sai a 1930 aka buɗe musu makarantu na farko a biranen Kano da Katsina, kuma an ɗauki shekaru masu yawa kafin abin ya kai ƙauye.

Zamani ya juya. Yaran da aka ɗauka suna kuka su ne suka dawo malaman makaranta, da malaman asibiti, da ma'aikatan En'e masu albashi. Makarantar kwana ta Birnin Kudu, wadda ta samo asali tun kafin samun 'yancin kai, ta zama Kwalejin Gwamnati da ta yaye fitattun mutane, cikinsu har da Aliko Ɗangote. Gani ya kori ji: gidajen da suka ɓoye 'ya'yansu suka wayi gari ɗan baran da suka miƙa shi ke sa hannu a takardunsu.

Sunan da rajista ta raɗa

Littafin rajista yana da gurbin da al'ada ba ta tanadi abin cika shi ba: sunan dangi irin na Turawa. A aji guda za a iya samun Muhammadu biyar da Abubakar huɗu. Hanyar da malamai suka bi ita ce liƙa wa yaro sunan garinsu. Ahmadu Bello ya yi karatunsa ne da sunan Ahmadu Raɓa. Ta haka aka samu Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gwamnan farar hula na farko na Jihar Jigawa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, da sunan garinsu aka san shi. Sunan da malami ya rubuta a ranar farko shi ke bin mutum zuwa takardar jarrabawa, zuwa takardar ɗaukar aiki, har zuwa fansho.

Shekaru sun fi suna wuya. A ƙauye ana tuna haihuwa ne da abin da ya faru: shekarar fari, ko daminar da aka yi ambaliya, ko azumin da ya faɗo cikin bazara. Da yake babu takarda, malamai suka koma ga jikin yaron. Za a ce ya ɗora hannunsa ta bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya ɓangaren. In yatsu sun kai, ya isa shiga; in ba su kai ba, sai baɗi. Wasu kan duba baki su ga ko ya fara famfara. Daga nan malami ya ƙiyasta shekara, ya sa rana. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake yawan cin karo da 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa a takardun dattawan Arewa.

1976: shekarar da aka buɗe ƙofa

Jihar Yamma ta fara ba da ilimin firamare kyauta a 1955, Jihar Gabas ta biyo baya a 1957. Arewa ba ta bi wannan hanya ba, saboda ƙarancin malamai da kuɗi. Ta fi ba da ƙarfi ga horar da malamai da yaƙi da jahilci na manya. Giɓin da ya buɗe tsakanin sassan ƙasar shi ne Janar Yakubu Gowon ya yi niyyar cikewa lokacin da ya ba da sanarwa a Sakkwato, a farkon 1974, cewa za a yi ilimin firamare kyauta ga kowa. Janar Olusegun Obasanjo ne ya ƙaddamar da shirin, mai suna UPE, a Legas a watan Satumban 1976.

An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasar, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Kuskuren lissafin yana da alaƙa da matsalar da aka ambata: ƙasar da ba ta rubuta haihuwa ba ta san yawan 'yan shekara shida ba, kuma waɗanda suka haura shida ma sun shigo layi. A tsohuwar Jihar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta, wannan ne lokacin da makaranta ta fita daga garin hakimi ta shiga ƙauyukan dagatai. An yi aji a ƙarƙashin bishiya da rumfar kara, an kwashi matasa an ba su horon gaggawa an miƙa musu alli. A shekarar ce kuma aka yi gyaran da ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, don haka ikon ɗaukar yara ya fara barin hannun masu sarauta yana komawa ofishin ilimi.

Ba kowane gida ya buɗe ba. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara da yara, musamman 'yan mata masu talla da aike. Tura yarinya aji yana nufin yanke wa uwa hanyar kasuwa, da rage abin da ake tarawa na kayan ɗaki. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, abin da ya kawar da tsohon dalilin tsoron littafin hukuma. Sai dai kafin a ci moriyar haka farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. Albashin malamai ya riƙa makalewa, aka dawo da karɓar kuɗaɗe a wurare da yawa, iyaye kuma suka fara janye 'ya'yansu. Uban da aka lallasa ya ba da ɗa, ya ga shekara shida ta wuce yaron bai iya karanta wasiƙa ba, da wuya a sake lallashinsa.

Daga roƙo zuwa doka

Jihar Jigawa ta samu a ranar 27 ga Agusta, 1991, sai akalar makarantun yankin ta koma Dutse. Kafin nan, a 1989, an kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, a 1992 kuma aka yi dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a hannun hukumar ƙidaya. A ranar 30 ga Satumba, 1999, Obasanjo, a wannan karon yana shugaban farar hula, ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato. Dokarsa ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi. Ta kuma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, naira 5,000 ko wata biyu bayan haka.

Tilas ta dawo ke nan, amma da wata fuska. Da hukuma ce ke shiga gida ta ɗauki yaro. Yanzu doka ta ɗora wa uba nauyin kai shi, ta ɗora wa gwamnati nauyin samar masa gurbi. A aikace ba kotu ce ke kawo yara ba. Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda suka ƙunshi mai unguwa da liman da iyaye mata, su ke bi gida-gida kafin zangon farko. A zamanin Gwamna Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, jihar ta ɗauke wa 'ya'ya mata kuɗin makaranta. Masu sarautar da kakanninsu suka yi ɗibar yara da dogarai, yau da lallashi da wa'azi suke yi.

Abin da littafin ba ya faɗa

A yau hedimasta kan nemi takardar haihuwa, in babu ya duba katin rigakafi, in shi ma babu ya karɓi shaidar iyaye ko ta mai unguwa. Sunan zai shiga rajistar shiga, ya koma rajistar aji, a ƙidaya shi cikin adadin da ake aika wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa hukumar SUBEB a Dutse. Da wannan adadi ake lissafin malamai da littattafai da kujeru. Yaron da aka ƙara wa shekara ko aka rage masa, ko aka rubuta sunansa iri biyu, sai ranar jarrabawar fita ko neman lambar ɗan ƙasa matsalar za ta taso.

Ƙasar Gwaram ta yi iyaka da Jihar Bauchi, kuma mutanenta ba zaune suke wuri guda ba. Makiyayi zai tashi da iyalinsa, magidanci zai tafi cin rani, yaro zai bi malaminsa na allo. In an tafi babu takardar canjin makaranta, sunan yana nan a littafi alhali kujerar babu kowa. Zangon farko ma yana faɗowa ne cikin kaka, lokacin da ake bukatar kowane hannu a gona. Shi ya sa alƙaluman shiga makaranta ke iya yin kyau a takarda, yayin da UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa.

Tarihin nan ya nuna cewa an gwada dogari, an gwada kyauta, an gwada tara. Kowanne ya iya sa a rubuta suna. Abin da ya taɓa sa uba ya bar ɗansa a aji har ya gama shi ne abin da ya gani da idonsa: ɗan maƙwabci da ya shiga ya fito da abin yi. Manomin Farin Dutse da ke riƙe da hannun ɗansa a ƙofar ofishin hedimasta lissafin da kakansa ya yi yake yi, na abin da zai rasa a gona da abin da yaron zai samu a aji. Amsar tana hannun malamin da zai shigo aji ranar Litinin, da gwamnatin da ke biyansa.