Karatun Gaba da Digirin Farko da Guraben Aiki a Fannin Kula da Takardu da Taskace Tarihi

Gabatarwa

Duk ma'aikacin da ya taɓa bin sawun haƙƙinsa na fansho ya san darajar fayil. Mutum zai yi shekara 35 yana aikin gwamnati, amma da zarar takardar ɗaukarsa aiki da takardun ƙarin girmansa sun salwanta, sai ya shafe watanni yana zarya tsakanin ofisoshi. Haka lamarin yake ga mai fili da aka rasa kwafin takardarsa ta mallaka, ko gundumomi biyu da ke jayayya a kan iyaka, ko gidajen sarauta da ke taƙaddama a kan gado. Sau da yawa takarda guda da aka adana shekaru aru-aru ita ke raba gardama.

Duk da haka, ɗalibai kaɗan ne suka san cewa kula da takardu ilimi ne mai zaman kansa, wanda ake karantawa har zuwa digirin digirgir. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattaro bayani domin amfanin matasa da ma'aikatan Jihar Kaduna masu sha'awar ƙaro karatu.

Ma'anar fannin

Fannin yana da rassa biyu. Reshe na farko shi ne kula da takardun aiki na yau da kullum, tun daga ranar da aka buɗe fayil a ofishin rajista har zuwa ranar da aka rufe shi. Mai wannan aiki shi ke tsara lambobin fayil, ya san wanda ya ɗauka da ranar da ya mayar, ya kuma shirya jadawalin da ke nuna tsawon lokacin da za a ajiye kowane irin takarda kafin a lalata ta ko a miƙa ta ga taska.

Reshe na biyu shi ne taskace takardun da aka gama aiki da su amma suke da daraja ta dindindin, ta fuskar shari'a ko mulki ko tarihi. A nan akwai ƙa'idoji biyu da ba a saɓa musu: ba a cakuɗa takardun wata ma'aikata da na wata, kuma ba a sauya jerin da masu takardun suka bar su a kai. Wannan ne ya bambanta taskar takardu da laburare. Littafi yana da kwafi dubbai, kuma bisa darasi ake jera shi. Takardar taska kuwa galibi ita kaɗai ce a duniya; idan ta tafi, ta tafi ke nan.

Taƙaitaccen tarihi

Marigayi Farfesa Kenneth Onwuka Dike ne ya binciki halin da takardun gwamnati suke ciki a farkon shekarun 1950, kuma rahotonsa ya kai ga kafa Ofishin Adana Takardu na Nijeriya a 1954. An yi dokar farko a 1957, sannan Doka mai lamba 30 ta 1992 ta maye gurbinta. Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa tana da hedikwata a Abuja, da manyan ofisoshi uku a Ibadan da Enugu da Kaduna.

Ofishin Kaduna, wanda ke kan Titin Yakubu Gowon, shi ke riƙe da takardun Sakatariyar Lardunan Arewa da na ofisoshin Razdan na larduna irin su Zazzau da Kano da Sakkwato, tare da rahotannin ƙiyasin haraji da Di'o-Di'o suka rubuta, da rubuce-rubucen Larabci da Ajami. Akwai kuma Gidan Arewa da ke kan Titin Rabah, tsohon gidan Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ke nan ɗalibin jiharmu ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya ga yadda ake wannan aiki da idonsa.

Inda ake karatun

Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da aikin laburare a ƙasar nan, inda ta ɗauki ɗaliban farko a 1960. Daga baya aka faɗaɗa sashen ya haɗa da nazarin taskace takardu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1968, kuma tana ba da digiri na biyu a kan taskace takardu da kula da su. A Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri akwai sassan laburare da kimiyyar bayanai, inda ɗalibi kan iya karkata bincikensa zuwa wannan fanni. A ƙasashen waje, an san makarantar EBAD ta Jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar, wadda ke koyarwa da Faransanci, da Jami'ar Botswana, da Jami'ar Liverpool da Kwalejin Jami'a ta Landan a Ingila.

Sharuɗɗan shiga

Kowace jami'a tana da nata ƙa'idojin, don haka wajibi ne mai nema ya karanta sanarwar makarantar karatun gaba da digiri ta wannan shekarar. Amma bisa al'ada ana bukatar:

(a) Digirin farko mai daraja ta biyu, ko da mataki na ƙasa ne. Masu digirin tarihi, laburare, shari'a, Larabci, Hausa, kimiyyar kwamfuta ko aikin mulki duk suna da abin da za su kawo wa fannin.

(b) Kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci.

(c) Takardar yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa.

(d) Cikakken sakamakon karatu daga makarantar da aka gama, da wasiƙun shaida daga malamai.

Masu babbar difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha galibi sukan fara yin diflomar gaba da digiri ta shekara guda, sannan su nemi digiri na biyu. Muna jan hankalin ma'aikatan rajista da suka daɗe a bakin aiki ga wannan hanya. Digiri na biyu kan ɗauki zangon karatu uku zuwa huɗu, digirin digirgir kuwa aƙalla shekara uku. Ma'aikacin gwamnati ya tabbatar ya samu izinin tafiya karatu a rubuce kafin ya yi rajista. Malaman manyan makarantun gwamnati na iya neman tallafin asusun TETFund ta hannun makarantunsu.

Abin da ake koyarwa

Ɗalibi zai koyi tantance takardun da za a ajiye da waɗanda za a lalata, da tsara su, da rubuta jagorar da mai bincike zai bi ya same su. Zai karanci ƙa'idar duniya ta ISO 15489, wadda ta fito a 2001 aka sabunta ta a 2016. Zai kuma koyi kare takarda daga abokan gabanta a irin yanayinmu: gara da ɓera da kyankyaso, ƙurar hunturu, laimar damina, da gobara. Rigakafi ya fi magani, shi ya sa ake cire allura da ƙarfen maƙala takarda kafin su yi tsatsa, a sa takardu cikin kwalaye marasa sinadarin asid, a ɗora su a kan kanta nesa da ƙasa.

Kula da bayanan kwamfuta ya zama babban ɓangare na karatun. Ɗaukar hoton takarda a sa a kwamfuta bai wadatar ba. Dole a rubuta bayanin kowane hoto, a ajiye kwafi a wurare daban-daban, a kuma riƙa sauya ma'aji da manhaja kafin su tsufa. Wanda ya ajiye bayani a ƙaramin faifai na shekarun 1990 zai sha wuya kafin ya sami na'urar da za ta karanta masa shi.

Dokokin da suka ƙara wa aikin nauyi

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa ma'aikatu su tsara takardunsu, su kuma amsa buƙatar mai nema cikin kwana 7. Sashe na 10 ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara guda ga jami'in da ya lalata ko ya sauya takarda da gangan. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta shafi gwamnatocin jihohi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar bayanan kwamfuta a kotu bisa sharuɗɗa, sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana wasa da sirrin mutane. Babu ma'aikatar da za ta iya cika waɗannan dokoki ba tare da ƙwararren mai kula da takardu ba.

Guraben aiki

Wanda ya kammala yana iya aiki a Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, ko ofisoshin rajista na ma'aikatu, kotuna, majalisun dokoki, hukumomin filaye irin su KADGIS, hukumomin fansho, asibitoci, jami'o'i, bankuna, kamfanonin mai da na sadarwa, gidajen rediyo da talabijin, da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Akwai hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, kamar na Waziri Junaidu a Sakkwato da na Gidan Ɗan Hausa a Kano. A aikin gwamnati mai digirin farko kan fara daga matakin albashi na 8, mai digiri na biyu kuma na 9.

Ya kamata mu faɗi gaskiya: ba kullum ake ɗaukar ma'aikata a taskokin gwamnati ba, kuma kayan aiki sukan yi ƙaranci. Wanda ya haɗa takardar shaidarsa da ƙwarewar kwamfuta ya fi saurin samun gurbi. Haka kuma wanda ya iya karatun Larabci da Ajami yana da fifiko na musamman, domin rubuce-rubucen malaman Daular Usmaniyya da na Borno suna nan jibge a zauruka da gafakokin gidajen malamai suna jiran mai tsara su.

Kammalawa

Shawararmu ga mai sha'awa ita ce ya fara ziyartar ofishin Kaduna ko Gidan Arewa, ya nemi fayil guda na gundumarsu ya karanta, ya kuma zanta da ma'aikatan wurin kafin ya sayi fom. Ranar 9 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar taskokin tarihi ta duniya, wadda ta dace da ranar kafa Majalisar Taskokin Tarihi ta Duniya a 1948. Muna kira ga shugabannin ma'aikatu da su daina mayar da ofishin rajista wurin tura wanda ake fushi da shi, su riƙa tura ma'aikatansa ƙaro ilimi, domin haƙƙoƙin dubban bayin Allah suna cikin waɗannan fayil-fayil.